An ɗauke wuta, VM ta ƙi tashi: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani kantin magani. Muna da uwar garke ɗaya mai Proxmox, manhajar da ke gudanar da VM, wato kwamfutar da ake ƙirƙira a cikin wata kwamfuta. A cikinta akwai VM mai Ubuntu, ita ke ɗauke da manhajar ciniki da rumbun bayananmu na MariaDB. Jiya an ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta UPS ya mutu. Uwar garken ta tashi, amma VM ɗin ta ƙi. Kwafin ajiyarmu na ƙarshe ya kai wata biyu. Wani ya ce in buga fsck -y, wani ya ce in sake girka Ubuntu. Me zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sawwaƙe. Shawarwarin nan biyu duk ka ajiye su gefe tukuna. Kada ka sake girka Ubuntu, kada kuma ka buga fsck -y a kan faifan asali. Ɗaukewar wuta ba ta goge faifai. Abin da take ɓatawa shi ne rubutun da ke kan hanya a daƙiƙoƙin ƙarshe, wanda ya bar RAM bai gama sauka a faifai ba. Sauran bayananku, in dai faifan kansa bai samu matsala ba, suna nan inda kuka bar su. A aikin nan abin da ya fi cinye bayanan mutane shi ne gyaran gaggawa, garin neman gira a rasa ido. Kayan gyara irin su fsck rubutu suke yi a kan faifai, kuma -y ɗin nan ma'anarsa ka amsa "e" ga duk tambayar da zai yi maka tun kafin ka ji ta. In ya yanke shawarar da ba daidai ba, babu komawa baya, ku kuma kwafinku na wata biyu ne.

Fara da wutar kanta. Kada ka taɓa komai sai uwar garken tana kan wutar da ka tabbata za ta yi awanni ba ta ƙifta ba: janareta mai isasshen mai, ko inbata mai cikakken caji. In wuta ta sake yankewa ana tsakiyar gyara, ɓarnar ta biyu ta fi ta farko muni. Sannan ka hana VM ɗin yunƙurin tashi da kanta duk lokacin da uwar garke ta kunna. Zan ɗauka lambarta 101 ce, sai ka sauya da taka:

qm set 101 --onboot 0

Daga nan ka duba lafiyar faifan ƙarfe na uwar garken. Buga dmesg ka nemi layukan da ke cewa "I/O error". Buga smartctl -a /dev/sda ka dubi Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. In na biyun nan ya wuce sifili, ko dmesg na ta kuka, to mai yiwuwa faifan ne ke mutuwa, ɗaukewar wutar ta tona asirinsa ne kawai. A wannan hali kowane karatu da ka yi masa yana ƙara gajiyar da shi, don haka da ddrescue, manhajar kwafar faifai mai matsala, za ka kwafe shi, ka ba shi fayil ɗin taswira don ya ci gaba daga inda ya tsaya in an samu tsaiko.

In faifan lafiya lau yake, sai kwafi. Buɗe fayil ɗin saitin VM ɗin:

cat /etc/pve/qemu-server/101.conf

Nemi layin da ya fara da scsi0 ko virtio0 ko sata0. In ka ga local:101/vm-101-disk-0.qcow2, faifan VM ɗinka fayil ne guda, yana cikin /var/lib/vz/images/101/, kuma cp --sparse=always ya isa ya kai shi faifan waje. In kuwa ka ga local-lvm:vm-101-disk-0, to ba fayil ba ne, yanki ne na LVM, sai dai dd:

dd if=/dev/pve/vm-101-disk-0 of=/mnt/waje/101.raw bs=4M status=progress

Karanta layin nan sau biyu kafin ka danna Enter. Inda aka rubuta if shi ne wurin ɗauka, of wurin zubawa. Wanda ya juya su ya shafe faifansa da hannunsa. Faifan wajen kuma kada ya zama FAT32, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB, kwafin zai tsaya a hanya. Ka haɗa da fayil ɗin 101.conf ɗin a cikin kwafin, in akwai efidisk0 shi ma ka ɗauka. Na san mai kanti yana tsaye a kanka, masu sayen magani na jira, kwafin kuma zai iya cin awa ɗaya ko biyu. Ka ce a rubuta cinikin yau a takarda. Awa biyun nan ita ce mafi arha a duk aikin.

Yanzu sai a gano inda ciwon yake, domin "ta ƙi tashi" kalma ce da ke rufe matsaloli daban-daban. Buga qm start 101 a tasha, wato wurin buga umarni, ka karanta abin da ya ce, kalma bayan kalma. Ko dai Proxmox ne ya ƙi kunna ta sam, ko ya kunna ta ita kuma ta maƙale a ciki.

In Proxmox ne ya ƙi, sau da yawa abin ba shi da wuya. Saƙon "VM is locked (backup)" na nufin wuta ta yanke ana tsakiyar ɗaukar kwafi, makullin da aka sa bai samu wanda zai cire shi ba. Tunda uwar garke ta sake kunnawa, aikin da ya sa makullin ya riga ya mutu, qm unlock 101 zai cire shi. In makullin na snapshot ne, wato hoton yanayin faifai da ake ajiyewa don a iya komawa gare shi, ko snapshot-delete, kada ka cire sai kwafinka ya kammala, domin aikin da aka katse a nan ya shafi tsarin faifan ne kai tsaye.

Akwai wani saƙon da na fi gani a tsofaffin injinan da ake sayowa na hannu: "KVM virtualisation configured, but not available". Wannan babu ruwansa da faifai. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon injin, CR2032, ya mutu tuntuni, ba wanda ya sani saboda injin bai taɓa rabuwa da wuta gaba ɗaya ba. Da wuta ta yanke sai BIOS ya manta saitinsa, a wasu injinan kuma saitin asali a kashe yake barin VT-x, ko SVM in AMD ne, wato saitin da ke ba injin damar gudanar da VM. Shiga BIOS ka kunna shi, ka gyara kwanan wata da agogo, ka duba yanayin SATA bai sauya ba, ka sayi sabon batir.

Wanda ya fi waɗannan nauyi shi ne in ka ga "Check of pool pve/data failed" tare da "Manual repair required". Ma'ajiyar local-lvm gaba ɗaya ce ta ƙi buɗewa, saboda kundin da ke riƙe da lissafin wane yanki na wace VM ne ya samu tangarɗa. A nan dd ɗin da na ba ka ba zai yi aiki ba, tunda yankin VM ɗin ma ba zai bayyana ba. Sai ka tayar da injin da filashin SystemRescue, wato Linux na gyara da ake tayarwa daga filashi, ka kwafe faifan ƙarfen dungurungum zuwa wani mai girmansa ko wanda ya fi shi, sannan ka dawo ka gwada lvconvert --repair pve/data. Bayan ta buɗe ka buga lvs -a ka dubi Data% da Meta%. Ma'ajiyar da ta cika maƙil tana kawo irin wannan ciwon ko da wuta ba ta yanke ba.

To, in faifanka qcow2 ne, a nan ya kamata ka natsu. Fayil ɗin qcow2 ba jeren bayanai ba ne kai tsaye. An yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace 64KB a saitin asali, kuma a cikinsa akwai tebura biyu masu muhimmanci. Na farko, wanda ake kira L1 da L2, shi ke cewa wuri kaza a faifan da Ubuntu ke gani yana gunduwa kaza a cikin fayil. Na biyu, refcount, shi ke ƙirga ko gunduwa tana da mai ita ko babu kowa a kanta. Duk lokacin da VM ta yi rubutu a sabon wuri, dole a rubuta bayanan, a gyara teburan nan biyu. Wuta na iya yankewa a tsakanin waɗannan rubuce-rubuce. Da VM a kashe, buga:

qemu-img check /mnt/waje/vm-101-disk-0.qcow2

Haka kawai, ba tare da -r ba, karatu yake yi, ba ya canza komai. In ya ce babu kuskure, fayil ɗin qcow2 lafiya yake, matsalar tana cikin Ubuntu. In ya ce "leaked clusters", ka kwantar da hankalinka: gunduwoyi ne da aka yi wa rajista amma ba wanda ke amfani da su, asarar wuri ce kawai, shi kansa zai gaya maka babu illa ga bayanai. qemu-img check -r leaks zai share su. In kuwa ya ce "errors were found on the image", ko qm start ya ce "Image is corrupt, cannot be opened read/write", teburan sun saɓa wa juna ta hanyar da ƙarin rubutu zai iya taka bayanai masu rai. QEMU da kansa ne ya sa wa fayil ɗin alama ya ƙi buɗe shi don rubutu, kuma gata ya yi maka.

A nan ka yi kwafi na biyu daga kwafin farko, a kan na biyun za ka buga qemu-img check -r all. Ni kam kafin wannan nakan fara gwada fitar da abin da ke ciki zuwa sabon fayil:

qemu-img convert -p -O raw kwafi.qcow2 sabo.raw

Dalili kuwa, convert karanta tsohon kawai yake yi ta teburin L1 da L2, bai dogara da refcount ba, don haka in refcount ne kaɗai ya rikice za ka samu faifai mai tsabta ba tare da an taɓa komai ba. In ya tsaya da kuskuren karatu, ƙara --salvage, zai tsallake wurin da ya gagara ya ci gaba. Ka kuma buga qemu-img info --backing-chain. In faifan yana jingine da wani fayil a ƙarƙashinsa, duka jerin ake kwafewa tare, kuma ba a taɓa kunna VM da fayil na ƙasa shi kaɗai, domin rubutu ɗaya a kansa ya isa ya lalata na sama.

Da zarar ka samu faifan da ke buɗuwa, ƙirƙiri sabuwar VM ta gwaji, a ce 901, ba faifai, ba katin sadarwa. Cire katin nan wajibi ne, don kada ta tashi da adireshin IP na asali kwamfutocin kanti su fara zuba mata ciniki. Shigar da kwafin:

qm importdisk 901 /mnt/waje/sabo.raw local-lvm

Zai bayyana a matsayin faifan da ba a haɗa ba, sai ka haɗa shi, ka sa shi a jerin tashi. Ka tabbata nau'in BIOS ɗinta ya yi daidai da na 101: in waccan OVMF ce wannan ma OVMF, in SeaBIOS ce haka. Duk gwajin da ya rage a kan 901 za a yi shi. In ka ɓata ta, ka goge ka sake shigarwa.

Kunna ta ka buɗe Console. In ka faɗa baƙin allo mai "Shell>", UEFI ne ya rasa hanyar tashi. Buga exit, shiga Boot Maintenance Manager, ka nuna masa fayil ɗin EFI/ubuntu/shimx64.efi. In "grub rescue>" ka gani, GRUB, manhajar da ke tayar da Ubuntu, ya kasa karanta ɓangaren da fayilolinsa suke, kuma galibi gyaran tsarin fayil ne zai warware shi, sake girka GRUB na zuwa ne daga baya in an buƙata. In ka ga "emergency mode", shiga ka buga journalctl -xb. Sau da yawa faifai na biyu ne ko wata foldar sadarwa da ke cikin /etc/fstab ta ƙi hawa, Ubuntu kuma ya tsaya jiranta. Sa # a gaban layin, ta tashi, daga baya ka ƙara masa nofail.

Wanda na fi zaton za ka gani shi ne "(initramfs)" da saƙon "UNEXPECTED INCONSISTENCY, RUN fsck MANUALLY". Ubuntu na amfani da tsarin fayil mai suna ext4, shi kuma ext4 yana da ɗan kundi da yake fara rubuta niyyarsa a ciki kafin ya taɓa ainihin tsarin, kamar yadda mai kanti ke rubuta ciniki a ƙaramin littafi kafin ya shigar a babba. Bayan yankewar wuta yakan karanta kundin ya ƙarasa abin da ya cika, ya watsar da wanda bai cika ba, ba tare da ka sani ba. In har ya tsaya yana neman hannunka, ya ga abin da kundin bai iya bayani ba. Saƙon zai faɗi sunan ɓangaren, a Ubuntu Server galibi /dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv. Fara da tambaya kawai:

fsck.ext4 -fn /dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv

Wannan -n ɗin "a'a" yake amsawa ga komai, sai ka ga girman ɓarnar. Layuka kaɗan na "orphan inode" da "free blocks count wrong" abu ne na yau da kullum, a nan ka buga -y ɗinka, tunda a kan kwafi kake. In kuwa allo ya cika da dubban layuka, ko ya ambaci manyan foldoji irin /var/lib, dakata. Tayar da 901 da ISO na SystemRescue, ka hau ɓangaren don karatu kawai da mount -o ro,noload, ka kwashe /var/lib/mysql da /etc da foldar manhajar cinikin zuwa waje, sannan ka bar fsck ya yi aikinsa. Abin da ya tsinta ba suna zai zuba shi a lost+found da lambobi, umarnin file zai taimaka maka gane kowanne. In ya ce "bad superblock", akwai kwafinsa a wasu wurare, a faifai mai bulo 4K na farko yana 32768, sai ka buga e2fsck -b 32768 da sunan ɓangaren.

Ga masu karatu da VM ɗinsu Rocky ko AlmaLinux ce, tsarinku XFS ne, fsck ba ya yi masa komai. Ku fara hawan ɓangaren don ya karanta kundinsa, ku sauke, sannan xfs_repair. Zai ba ku shawarar -L in hawan ya gagara, amma -L goge kundin yake yi da duk abin da ke cikinsa, don haka shi ne na ƙarshe. Masu Windows kuma, in kun tashi da ISO na gyara bai ga faifai ba, ba ɓacewa ya yi ba, direban VirtIO ne babu. Ku haɗa ISO na virtio-win ku loda shi, sannan chkdsk. A VirtualBox, in VM ta koma "Inaccessible", galibi fayil ɗin .vbox ne ya zama fanko, kuma kusa da shi akwai .vbox-prev da za a kwafa a mayar masa da sunan. A VMware Workstation foldojin .lck da suka rage su ke hana kunnawa.

Tashin Ubuntu ba shi ne ƙarshen aikinka ba, Malam, domin dukiyar kantin tana cikin MariaDB. Teburan InnoDB, wato tsarin da MariaDB ke ajiye bayanai da shi, suna da nasu kundin, kuma a saitin asali duk cinikin da manhaja ta ce ya shiga, ya riga ya sauka a kundin. Da MariaDB ta tashi za ta gyara kanta. Duba journalctl -u mariadb ka ga ko ta gama lafiya. In ta ƙi, za ka ci karo da shawara a intanet cewa ka goge ib_logfile0. Kada ka yi. Wannan fayil ɗin shi ne kundin da ake buƙata don gyaran, ibdata1 kuma goge shi daidai yake da goge rumbun. Hanyar da ta dace ita ce ka kwafe /var/lib/mysql, ka sa innodb_force_recovery=1 a ƙarƙashin [mysqld], ka gwada. In ta ƙi ka koma 2, sannan 3. Daga 4 zuwa 6 suna iya lalata fayilolin har abada, ba a hawa can sai da wanda ya san aikin a kusa. Da ta tashi ka fitar da komai da mysqldump, ka cire layin nan, ka zuba bayanan a sabon rumbu mai tsabta. Kada a ci gaba da ciniki a kan rumbun da aka tayar da ƙarfi. Daga nan ka ɗauki rasiɗai na ƙarshe da aka buga jiya kafin wuta ta tafi, ka nemi lambobinsu a manhaja ɗaya bayan ɗaya. Nan ne za ka san ainihin inda bayanan suka tsaya, abin da ya rage a shigar da hannu.

Akwai tambayar da nake so ka bi bayan komai ya lafa: me ya sa ɓarnar ta kai haka? An gina ext4 da InnoDB da qcow2 duka don su jure yankewar wuta, bisa sharaɗi ɗaya, cewa in sun ce wa faifai "sauke wannan yanzu" ya amsa ya sauke, to ya sauke ɗin da gaske. In ka samu ɓarna mai yawa, wani a cikin jerin ya amsa kafin ya yi. Duba layin faifan a 101.conf. In akwai cache=unsafe, ga mai laifin nan, domin wannan saitin watsi yake yi da umarnin saukewa don a samu sauri. Mayar da shi saitin asali na Proxmox, wato babu cache. In ba shi ba ne, dubi katin RAID, ko yana riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa alhali batirinsa ya mutu. Sai kuma SSD masu arha na kwamfutar gida, waɗanda ba su da abin da zai ba su 'yar wutar ƙarasa rubutu in an yanke.

UPS ɗinku ma ina zargin batirinsa. Batirin dalma an auna rayuwarsa ne a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba rayuwar biyu. Ɗakin da ba iska a watan Afrilu, a garuruwanmu da zafi ke haura digiri 40, yana cinye shi da wuri, fitilarsa kuma na nan kore kamar ba komai. Sauya batirin, sannan ka haɗa UPS ɗin da uwar garke ta USB, ka girka NUT ko apcupsd, manhajojin da ke lura da UPS, ka sa qemu-guest-agent a cikin VM. Da haka in batir ya kusa ƙarewa ba a tayar da janareta ba, injin zai rufe VM cikin tsari ya kashe kansa. Ka gwada shi da rana tsaka bayan ka ɗauki kwafi: zare filogin UPS daga bango ka tsaya ka ga abin da zai faru. Kwafin ajiya kuma ka sa Proxmox ya riƙa yinsa kowane dare zuwa wani faifai daban, lokaci-lokaci ka dawo da ɗaya a VM ta gwaji ka ga yana tashi.

In ka maƙale a wani mataki, turo mini abin da qm start 101 ya ce, da abin da ke cikin 101.conf, da sakamakon qemu-img check ko lvs -a, da hoton allon Console. Ka rufe duk wata kalmar sirri kafin ka turo, kuma ka gaya mini ko kwafin ya kammala.